Ragon da Na Yanka Ranar Juma'a

A garejin da na yi aiki a Malbaza, Juma'a tawa ce, Lahadi tasu. Ba wanda ya kafa wannan doka, kuma ba wanda ya taɓa karya ta. Da rana ta take tsaka ranar Juma'a, kowa zai wanke ƙurar siminti daga fuska da gashin ido, ya zura riga mai kyau ya nufi masallaci, a bar ni da manyan motoci da makullai. Ranar Lahadi da safe kuwa, ko lodi ya kai mana wuya, ba mai nemana sai na fito daga majami'a. Ni kaɗai ne Kirista a cikin masu lodin, kuma ni ne shugabansu. Da yamma in mun ɗora buhun ƙarshe, mu ɗin dai ne muke komawa fili mu zama ƙungiyar ƙwallo, can ma ni ke ɗaura ƙyallen kapiten a dantse.

Ba zan yi muku ƙaryar tawali'u ba, na iya ƙwallo. A baya nake tsayawa, kuma ɗan gaban da ya samu ya wuce ni sai ya kai labarin garinsu. Ga ni da murya, in na daka tsawa daga gidanmu har masu tallan gyaɗa a bakin fili sai sun waiwayo. Amma ba don wannan aka ba ni kapiten ba. Wani tsohon direba ne ya kafa ƙungiyar, shi ke saya mana riguna, shi ke kwasarmu a bayan mota in za mu wasa ƙauye, dukanmu Baba muke ce masa. Shi ya nuna ni da sandarsa ya ce ga wanda zai riƙe yaran nan, don ya ga a wajen lodi ba na ɗora wa wani buhun da ni ban ɗauka ba. Na karɓa ban yi wata jayayya ba, don ni ma na san zan iya.

Mun zauna lafiya yadda ya kamata. In an kira magariba muna tsakiyar atisaye, ni ke busa usur in ce a tafi, in zauna a kan ƙwallo ina gadin takalma da wayoyi. Kafin a take wasa sukan yi da'ira su ɗaga hannu su yi Fatiha, ni ma ina cikin da'irar, kaina a sunkuye, ina tawa addu'ar a zuci. In sun shafa, in ce amin tare da su. Ban taɓa ɓoye abin da nake bi ba, ban kuma taɓa mai da fili wurin wa'azi ba.

Mutum ɗaya ne dai shugabancina bai taɓa kwanta masa ba, shi ne mai tsaron gidanmu a ƙwallo. Dogo ne, siriri, ga ɗan gemu, ɗan gidan mahauta ne gaba da baya, kuma a addini ba ya wasa ko kaɗan. Ranar da Baba ya nuna ni, a gaban kowa ya ce shi bai ga yadda wanda ba ya kallon gabas zai shige gaban masu kallon gabas ba. Baba ya ce masa ƙwallo ce ba limanci ba. Mai tsaron gidan ya kau da kai. Tun daga ranar bai taɓa kirana kapiten ba, sai dai ya ce "kai na baya". Ni kuwa ina jin haushinsa, ina kuma ganin girmansa, domin mutum ne da ba ya cin amana, kuma hannunsa kamar an shafa masa danƙo. Rabin ƴan wasanmu samarin unguwar mahauta ne, inda ya sa ƙafa nan suke sawa. A shekarar da nake ba ku labari, magana ta riga ta fara yawo cewa bayan kaka zai janye su su kafa tasu ƙungiyar. In ya tafi da su, abin da zai rage mana bai isa a yi wasa ba, ƙungiyar Baba ta mutu ke nan a hannuna.

Ana cikin haka aka sa gasar kaka, wadda akan yi tsakanin garuruwa in hatsi ya shiga rumbu. Muka yi ta cin mutane har muka kai wasan ƙarshe da wasu ƙarfafan samari daga wajen Illela. Aka tashi ba wanda ya ci wani, aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida. Nan mutumin nawa ya nuna ko shi wane ne, ya kaɓe ta farko, ya rungume ta ƙarshe ya kwanta a kanta. Kyautar gasar rago ce, wani balami fari tas mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda sai da mutum biyu suka ja shi zuwa tsakiyar fili. Ni aka miƙa wa igiyar tunda ni ne kapiten, amma kowa ya san hannun da ya ci ragon.

To ni na taso a gidan da aka san darajar yanka. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Dogarawa, ya karɓi addinin Kirista yana saurayi, danginsa kaf Musulmi ne. Duk Kirsimeti in ya sayi akuya, ba ya sa mata wuƙa da kansa, wansa yake aikawa a kira ya zo ya yanka. Ina yaro abin yana ba ni haushi, na tambaye shi ko shi bai iya ba ne. Ya ce ya iya sarai, amma in ya yanka mu kaɗai za mu ci, in wansa ya yanka gari zai ci. Haka muke yi har yau a yankinmu, kuma ba wanda yake jin an rage masa komai.

Don haka a bayan mota, muna komawa gida ana ta kiɗa jarka, na ɗaga murya na ce ragon nan za a ci shi ranar Lahadi bayan la'asar, dukanmu a faranti ɗaya, kuma mai tsaron gida ne zai yanka shi, shi zai gasa. Na ce hannun da ya kamo shi, shi ya dace ya sa masa wuƙa. Samari suka ɗau ihu. Shi kuwa ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, Allah shi kai mu." Ban taɓa jin magana mai taushi irin wannan daga bakinsa ba. Na sa a raina cewa in muka haɗa hannu a farantin nan, zancen rabuwa ya ƙare.

Muka ɗaure ragon a bayan gareji, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Matata ta riƙa aiko masa da dusa, masu lodi suna kawo harawa, har ya fi wasunmu cin daɗi. Ranar Juma'a da hantsi wata mota ta sauke buhunan wake daga Bazaga, ɗaya ya fashe, aka share waken aka tara a gefe za a kwashe in an dawo. Mutane suka watse zuwa masallaci. Ina can gaba ina rufe ƙofofin motoci, ashe gogan ya tsinke igiya tun ɗazu, ya ɗirki wake son ransa, ya je rabin duron da muke wanke hannu ya cika cikinsa da ruwa.

Da na zagayo na same shi a kwance, ciki ya kumbura tim kamar ganga, yana nishi, kumfa na fita a baki. Na san wannan ciwon tun ina kiwo a ƙauye, ba ya jiran kowa. Na ɗura masa man gyaɗan da mai abincinmu ta bari, na jiƙa kanwa na ƙara masa, na tashe shi tsaye na danna cikin, ya sake zubewa. Na kira wayar Baba, a kashe. Na kira ta mai tsaron gida, a kashe. Duk wanda na kira, ko dai a kashe ko ta yi ta ƙara ba a ɗauka, mutane suna gaban Ubangijinsu, wa zai kula da waya. Na ciccibi ragon na ɗora a baro, na ce ko ƙofar masallaci ce in kai shi, wani ya fito daga sahun baya ya yanka. Masallacin kuwa yana can ƙetaren kwalta, da nisa. Ban wuce ƙofar gareji ba ya fara shure-shure, idonsa ya juye.

Na duba gabas na duba yamma, titi fayau, ba namiji ko ɗaya, sai awaki da wata yarinya mai ɗauke da tulu. Na ƙwala kira ko akwai wani a kusa, muryar nan tawa da ake ji daga ƙarshen fili, ba wanda ya amsa. Lissafin a bayyane yake. In na jira, ya mutu mushe, a ja shi bayan gari a bar wa ungulu, ba mai ci. In na yanka, nama ya tsira, amma yankan Kirista ne, kuma na san waɗanda ba za su kai shi baki ba, na kuma san na farkonsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji ƙwalla, don ina ganin abin da na gina yana rushewa saboda tsiyar wake.

Ban iya tsayawa ina kallon dabba tana shan wahala ba, kuma ban iya barin abincin da Allah ya ba mu ya zama mushe ba. Na ɗauko wuƙar da muke yanke igiyar tampol, na goga ta a dutse, na kwantar da shi na fuskantar da shi gabas yadda na ga wan mahaifina yana yi. Na ce da sunan Allah wanda ya halicce ni ya halicce ka, na yanka. Jini ya tsarto da ƙarfi, ya motsa ƙafafu, alamar da ransa na same shi.

Wuƙar tana hannuna, jini bai gama zuba ba, sai ga ƙarar babur. Ɗan gabanmu ne, mai saka lamba tara, wanda da ita kowa ke kiransa. Yaron kirki ne, mai ban dariya, amma bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, har sallar Juma'a sai an kusa sallamewa yake isa. Ya biyo ne ya yi alwala a garejin. Da ya zo da wuri kaɗan, da labarin nan bai samu ba. Ya dubi ragon, ya dube ni, ya dafe kai.

"Kapiten, mi ya hwaru? Wa yay yanka?"

"Ni nay yanka. Wake yac ci, ya sha ruwa, shina mutuwa. Ban samu kowa ba."

Ya yi tsalle ya sauko daga babur, ya leƙa titi, ya dawo yana magana ƙasa-ƙasa. "Ba ni yuƙag ga maza. In shahwa jinin ga hannuna da rigata, a ce ni nay yanka. Wa ya gani? Daga ni sai kai sai Allah."

"To ai ka ƙirga da Allah," na ce masa.

"Kapiten, bar wasa. Ka san halin mutumen ga. In yaj ji kai ne, ba shi ci, kuma in bai ci ba mahauta ba su ci. Ƙungiya ta watse ke nan. Ni na ɗauki zunubin, ai ba kai za a tambaya ba."

Don Allah kada wani ya ga laifin yaron nan, ƙauna ce ta sa shi. Kuma maganarsa ta shige ni, don duk abin da nake so yana cikin wuƙar nan in na miƙa masa. Da an ci nama ranar ana dariya, da mai tsaron gida ya gasa yana ta fa'a, da ba wanda zai taɓa sani. Amma na tuna mutumin nan yana wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma baki da zuciya ɗaya, ni kuma ina zaune kusa da shi na san abin da na ciyar da shi. Abin da ya ɗauka tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni ba ni da ikon in yanke masa hukunci a ɓoye, ko da ina ganin naman nan tsarkakakke ne. Almasihun da nake bi bai koya mini in sayi zaman lafiya da ƙarya ba. In sai da yaudara zan riƙe mutane, to ban riƙe su ba, igiyar ruɓaɓɓiya ce.

Na ce masa, "Tahi ka yi sallarka, ka makara. Yuƙa tana hannun wanda yay yanka."

Ya tafi yana girgiza kai yana cewa taurin kaina ya fi na jakin Bazaga. Ni kuwa na ja ragon inuwa, na huda cikin iska ta fita, na rufe shi da buhu saboda ƙuda. Ban wanke hannuna ba, na zauna a kan taya ina jiran su. Tsoro ina jin sa, amma zuciyata a tsaye take, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Suka dawo a rukuni, ana hira, turare na tashi. Da suka ga jini a ƙofa hirar ta mutu. Ban bari wani ya tambaya ba, na miƙe na gaya musu komai daga tsinkewar igiya har zuwa kalmomin da na faɗa a kan wuƙa. Na ce da ransa na yanka shi, gabas na fuskantar da shi, amma hannuna ne, ba na kowa ba. Wanda zai ci ya ci da saninsa, wanda ba zai ci ba ban riƙe shi a zuciya ba. Maganar Lamba Tara kuwa ban ɗauko ta ba, don ba ni da niyyar tona masa asiri.

Wuri ya kaure. Wani ya ce ai ya halatta, shi ya ji malamai suna faɗa. Wani ya ce shi tun kakanninsa ba a taɓa ci ba. Wani daga samarin mahauta ya ce da ma an faɗa, ga irin abin da ke faruwa in aka ba bare riƙon kayan mutane. Wannan ta yi mini zafi, a garin da aka yanke mini cibiya kusa da shi a kira ni bare, amma na haɗiye. Mai tsaron gida ya matsa wurin ragon. Ya durƙusa ya ɗaga buhun, ya duba wuyan ragon da kyau irin duban masu sana'a, ya mai da buhun ya rufe.

Sai ga Lamba Tara ya faɗo tsakiyar mutane, ko sallar ya samu ko bai samu ba, oho. Bakinsa ba ya riƙe magana, shi ya tona kansa da kansa. "Ku dai kun san wanga mutum mahaukaci na! Ni da kaina nac ce mai ya ba ni yuƙa a ce ni nay yanka, ba wanda ya gani, yaƙ ƙiya! Da yanzu muna cin nama lahiya lau!"

Baba ya kai masa sanda a gadon baya, ya ce, "Ɗan banza, ashe da ka ciyar da mu ƙarya!" Wasu suka fashe da dariya. Mai tsaron gida bai yi dariya ba. Ya dubi Lamba Tara, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Gaskiya ta, haka anka yi?" Na ce haka aka yi. Ya kaɗa rigarsa ya fita daga garejin, samarinsa suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ina kallon rabin ƙungiyata tana ƙetara kwalta.

Baba ya hau babur ɗin Lamba Tara suka je wurin liman. Amsar da suka kawo ba ta raba gardama ba. Liman ya ce malamai da yawa sun halatta yankan mutane irina in an ambaci Allah, wanda ya ci bai yi laifi ba, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, kada wani ya zagi wani. Baba ya ce shi dai zai ci, har ya nemi ƙari. Amma nama ba ya jiran Lahadi a zafin Malbaza, dole a gyara shi a ranar. Matata ta iso da tukwane da albasa, ta ji abin da ya faru, ta ce in sun ƙi ci ai ƴan majami'a suna da haƙora. Na ce mata ba cikin da zai ci naman nake nema ba, mutanena nake nema. Ta dube ni, ta hau hura wuta.

Muka rataye ragon a reshen dogon yaro na fara fiɗa. A nan ne iyawata ta ƙare, don ni buhu na sani da ƙwallo. Ina ja, wuƙa tana zamewa, na huda fatar a wuri biyu, nama yana biyo ta. Waɗanda suka rage suna ba ni shawara kowa da tasa, ba wanda ya iya. Gumi yana shiga mini ido, raina a jagule, ina tunanin yadda zan mai da wa Baba ƙyallen kapiten in ce masa ya nemi wanda mutane za su bi.

La'asar ta yi sanyi sai na ji murya a bayana. "Kauce nan, kana ɓata hwata."

Mai tsaron gida ne. Ya tuɓe rigar Juma'a ya sa ta aiki, ga wuƙaƙensa a naɗe cikin tsumma, ga takardar gashi da ƙullin yaji a hannu. Bayansa samarin mahauta ne, biyu suna ɗauke da ragar gashi, sauran da itace. Na kauce. Ya dubi ɓarnar da na yi ya yi tsaki, ya ce ko makaho ya fi ni. Ya sa hannu, kafin ka ce kwabo fata ta sauka kamar ana cire riga. Ya fasa ciki, ya ware kayan ciki ya ba matata, ya sassara haƙarƙari, ya shimfiɗa a wuta.

Da na ga ya ɗan huce, na matsa kusa da shi na ce, "Na ɗauka ka tahi ke nan."

Bai ɗago kai ba, yana juya nama. "Na tahi in ɗauko kayan aiki. Kai dai ji nan. Naman ga ba ni ci. Ban ce haramun na ba, liman ya yi magana, amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba ni cin abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba."

"Ban ce ka ci ba."

"Na sani. Abin da ya maido ni ke nan." Ya barbaɗa gishiri, sannan ya ce, "Da ka ba yaron ga yuƙa, da na ci, har in sha romo, in mutu ban sani ba. Ka san haka, kuma ka san mi za ka rasa. Na yi sahu da mutane da yawa da ba su yi mani wanga."

Idona ya kawo ruwa. Na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido, shi ma ya yi kamar bai gani ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar motoci. Matata ta dafa shinkafa da wake da mai da yaji a tukunya dabam, saboda waɗanda ba za su ci nama ba, kuma waken nan dai shi ne wanda ya kashe ragon, Lamba Tara ya ce ramuwa ce za mu yi. Mutane suka zazzauna a cakuɗe, mai cin nama kusa da marar ci, ba wanda ya ware gefe. Cikin samarin mahauta ma wasu sun ce za su ci, wasu sun ce a'a, shi kuma bai hana kowa ba. Ƙanshi ya cika gareji har direbobin da ke jiran lodi suka fara leƙowa.

Shi yana tsaye a bakin wuta, gumi na zuba, yana gasa naman ragon da ya ciyo mana da hannunsa a filin ƙwallo, wanda ba zai kai bakinsa ba. Da ya ga ya yi, ya yanko wata tsoka mai kitse daga haƙarƙari, ya dangwala a yaji, ya soke ta a bakin wuƙa. Ya tsallake Baba, ya tsallake samarinsa, ya miƙo mini a gaban kowa.

"Ɗanɗana mani gishiri, Kapiten," ya ce. "Ni ba ni iya ji, kuma ba ni yarda a ce naman ƙungiyarmu ya yi lami."

Na karɓa na ci. Gishiri ya ɗan yi yawa. Na gaya masa, ya ce ƙarya nake, sannan ya tsaya ya dube ni, ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya yayyafa wa sauran naman.